Kisan da Ba a Mutuwa

Ard al-Liwa, Alƙahira

Zuwa ga Yaya Mazin,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Widad da yara. Yaya zafin Bur Sudan? Tunda wayarku ba ta kamawa, na ba wani mai komawa wannan takarda.

Albishirinka! Baba ya fito falo. Ka san tun da muka binne Inna a Halfa bai ƙara buɗe baki ba, ko ruwa yake so sai dai ya nuna da hannu. To, makon jiya ina yanka albasa, talabijin na kunne a wata tasha mai saka tsofaffin finafinan Amurka, marasa kalar nan. Na dambe ne. Ina waiwayawa sai ga Baba tsaye a bakin ƙofa da carbinsa. Wallahi saura kaɗan in yanke yatsa.

Yanzu kullum bayan la'asar yana nan zaune. Mai gabatarwa ya ce kamfanonin Hollywood ne suka riƙa yin su da araha a zamanin da, don cike lokaci kafin babban fim. Kuma ana gani, domin 'yan kallon da ke ihu yau su ne na jiya, har wani mai tumbi na gane shi. Labarin ma bai cika canzawa ba: ɗan talaka mai dako a tashar jirgin ruwa, manaja mai sigari a baki, 'yan daba da ke son ya faɗi da gangan, ga yarinya tana kuka gaban rediyo. Ni ina ruwana! Ina karanta Larabcin da ke ƙasa, ina juya masa da Hausata mai ɗingishi. Bai ce uffan ba tukuna, amma kafaɗarsa ta dama tana motsi duk lokacin da aka kai naushi.

Ka taya mu da addu'a.

Ƙanwarka,
Tagwa

Yaya Mazin,

Sallama da gaisuwa, Allah ya sa kuna lafiya. Ni kam ba lafiya ba.

Jiya Baba ya yi magana, kuma da ma bai yi ba. Ɗan dakon ya zuba wa abokin karawarsa naushi ya zube, sai Baba ya miƙe zumbur, ido jawur, ya ƙwala ihu wai ya kashe shi, ya kashe shi. Na ce khalas, shi ke nan, abin da ya gani a titin Omdurman lokacin yaƙi ne ya dawo masa. Na fizge wayar talabijin daga bango. Ya daɗe yana kallona, sannan ya shige ɗaki ya rufe. Yau ko shayi bai taɓa ba. Ina tsoro, Yaya.

Ka gaida Widad.

Tagwa

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum. Ina fatan ku duka kuna cikin ƙoshin lafiya. Ka yaga takardar da ta gabata, ƙanwarka sakarai ce!

Na je unguwar Ma'adi yi wa Hajiya Hindu lalle, matar wani ma'aikacin ofishin jakadancin Najeriya, 'yar Gusau. Ta ga idona a kumbure ta matsa mini, na ba ta labari. Yaya, matar nan ta yi dariya har ta ɓata zanen da na gama mata a hannu. Wai a damben Hausawa in ka kai mutum ƙasa, shi ne kisa, ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi gida cin tuwo. Da ta ji Baba mahauci ne, sai ta ce ai dambe gadon mahauta ne, in je in tambaye shi. Mu da muka tashi a Omdurman, ina muka taɓa jin wannan?

Ban san lokacin da na faɗa tuk-tuk, keken nan mai ƙafa uku, daga tashar jirgin metro zuwa gida ba. Na kunna talabijin na ƙure murya, Baba ya ƙi fitowa. Da wani dogo ya sha naushi ya durƙusa, sai na daddage na yi ihu ya kashe shi, har maƙwabta suka buga bango.

Ƙofa ta buɗe. Baba ya leƙo, ya ga alƙali tsugune yana ƙirga wa dogon, ya ja tsaki. Da muryarsa a dishe ya ce Amurkawan nan ba su san dambe ba, ta yaya gwiwa za ta taɓa ƙasa a tsaya ana lallashin mutum ya tashi? A garinsu Mai Wurno da tuni makaɗa sun canza kiɗa. Ya karɓi mayafina ya naɗe hannunsa na dama, ya nuna mini yadda ake tsayuwa, hagu a gaba tana tarewa. Babanmu, Yaya! Ashe ya yi tashe kafin a haife ka, mu ba labari.

Fim ya ƙare bai daina magana ba. Ya ce a bakin filin dambe ya fara ganin Inna tana tallan gyaɗa, ranar kuma shi aka kashe, don ita yake kallo. Ya yi dariya, ya kira sunanta, Bakhita, sannan ya yi kukan da bai yi ba a Halfa. Na bar shi ya yi, nima na yi nawa.

Ranar Juma'a bayan masallaci ka nemi inda waya ke kamawa, ko kan rufin wa ne, ka kira. Ya ce kada in taɓa wayar, shi zai ɗauka.

Gaisuwa ga Widad da yara. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Tagwa