Kwale-kwalenka Yana Kan Yashi

Ya Ubale, angona, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, farin watan da ke shimfiɗa a kan ruwan Tiga! Gaisuwa da kewa daga matarka Lubabatu, wadda ka tafi ka bari tun lalle bai gama fita daga ƙafarta ba.

Hoton da ka turo daga Japan ya iso. Ka ce a gidan tarihi ka gan shi: mutanen ƙasar ne, fiye da shekara ɗari baya, suna saukowa daga jirgin ruwa mai hayaƙi a Hawai, sun je aikin gonar rake. Wai in duba yadda maza ke barin gida neman arziki, in yi haƙuri ka sa hannu ka zauna shekara uku a gonar shinkafar da ta neme ka, kai da ka ce mini koyon aiki na damina ɗaya za ka.

To na duba, masoyina. Wallahi na duba har idona ya yi ja! Na buɗa hoton da yatsu biyu, na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa rungume da ƙunshinsa. Kai jirgi ka gani, ni mata na nema. Ina matansu, Ubale? 'Yan ƙalilan na hango a gefe. Sauran fa, wa ya ɗauki hotonsu a gaɓar da aka bar su? Kai da kanka ka rubuta cewa su ma shekara uku aka ce musu, kuma da yawa a can suka tsufa, a can aka binne su. Da wannan za ka lallashe ni? Dama can ba ka iya lallashi ba, amma na yau ya fi kowanne.

Ka tuna yammacin da ka ɗauke ni a kwale-kwalenka, ka tsaya a tsakiyar dam, ka ce in leƙa, nan ƙasa garin kakata, wadda ake ce wa Baturiya, yake kafin ruwa ya ci shi? Ban ga komai ba sai fuskata kusa da taka. Na ba ka labarin yadda ta fito da ɗan dutsen niƙa ta bar uwar, wai za ta koma ta ɗauko idan ruwa ya janye. Har ta rasu yana ƙarƙashin gadonta, bai sake niƙa ko ƙwayar gero ba. Ka riƙe hannuna ka ce kai ba ka barin rabin abu a baya. To ga ni, Ubale, ni ce rabin!

Ruwa ya ja baya bana, ya bar kwale-kwalen a kan yashi, ni kuwa ba ni da ƙarfin tura shi. Ka fi ni sanin abin da rana ke yi wa katako idan ya bushe. Kullum da safe nake zumbula hijabi in sauka da bokiti in jiƙa shi, ni amarya da ko zaure bai kamata in leƙa ba. Masunta na dariya, wai ina ba itace ruwa ko zai yi tsiro. Su yi ta yi! Amma Baffanka ya kira ni, ya ce ranar da ka sa hannu zai bayar da kwale-kwalen ga wani, ni kuma in koma gidanmu Dangora in jira a can. Ba mugunta ya yi ba, haka ake yi. Sai dai tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa ji ba, kada in fita daga ɗakin nan yadda kakata ta fita daga nata.

Don Allah, don Annabi, kada ka sa hannu! Me zan yi da arzikin da zai zo ya tarar da furfura a kaina? Kifin da ka kamo ya ishe ni, ko ƙarami ne, ko babu.

Ban gaya wa kowa ba, amma jiya na ga tsaga ta farko, siririya kamar gashi, daidai inda ka zaunar da ni. Na cusa mata tsumma, na ƙara ruwa. Gobe ma zan je.

Taka a Tiga, taka a Dangora idan an mayar da ni, taka har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Lubabatu