Igwar da Kuka Harba Ta Hana Kakata Fita

Zuwa ga Shugaban da ke kula da filin tarihin yaƙin neman 'yancin Amurka, a nan birnin New York.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Sunana Hadiza, 'yar aji bakwai ce ni, muna zaune a unguwar Flatbush. Ban iya magana gaban mutane ba, shi ya sa na rubuto. Na yi da Hausa don in karanta wa Kakata ta ji, yayana zai fassara muku.

Na ɗaya. Ranar Asabar ta makon jiya na kai Kaka filinku. Malamarmu ce ta ce kowa ya je ya rubuto abin da ya gani. Kaka ba ta daɗe da zuwa ba daga ƙauyenmu na wajen Maraɗi. Abin da ya raba ta da gida 'yan bindiga ne.

Na biyu. Da na gaya mata samari da yawa sun mutu a wurin lokacin yaƙin, sai ta tsaya. Ta ce, “Ke Hadiza, haka za mu taka 'ya'yan mutane ba ko sallama?” Ta tuɓe takalmanta, ta matsa gindin wani dutse mai rubutu, ta ɗaga hannu tana nema wa mamatan sauƙi. Ba ta tambayi addininsu ba. A wajenmu haka ake yi.

Na uku. Tana cikin haka aka harba igwa a bayanmu. Wasu maza masu jajayen riguna suka fito daga cikin itatuwa da dogayen bindigogi, hayaƙin albarushi ya rufe wurin. Daga baya na ji wai wasan kwaikwayo ne. Babu wanda ya faɗa mana a ƙofa. In ma akwai allon sanarwa, ban gan shi ba, Kaka kuwa ba ta karatun boko. Ta kayar da ni ƙasa, ta kwanta a kaina, tana kiran sunan kawuna da 'yan bindiga suka kashe a gida. Wasu suka yi dariya, wasu suka ɗaga waya. Wani ma'aikacinku ya zo yana faɗa wai mun tsallake igiyar da aka kange 'yan kallo da ita. Na san Turancin da zan ba shi amsa, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Ba takalmi Kaka ta koma gida.

Na huɗu, shi ne ya fi damuna. Tun ranar Kaka ba ta leƙa ko bakin ƙofa ba. Ta ce 'yan bindigar sun biyo mu har nan. In mota ta yi ƙara a titi sai ta shige banɗaki ta kulle. Tana da hawan jini, likita na jiranta mako mai zuwa, ta rantse ba za ta je ba. Baba yana tuƙin tasi daga filin jirgin sama na JFK, Mama na wurin aiki, ni ce nake zama da ita in na taso makaranta. Na ce mata wasa ne. Ta ce yarinya ba ta san ƙarar bindiga ba.

Ranka ya daɗe, ban ce ku daina wasanku ba. Roƙona shi ne ku sa mutum a ƙofa ya riƙa faɗa da baki cewa za a yi harbi, da hoto babba don waɗanda ba sa karatu. Kuma ina roƙo ɗaya daga cikin masu jajayen rigunan ya zo gidanmu sanye da kayan gida, hannunsa ba komai, ya gaishe ta, ya ce mata babu harsashi a cikin bindigogin. Babba ne zai faɗa ta yarda. Ni zan yi tafinta, ko muryata za ta yi rawa.

In ba zai yiwu ba, don Allah ku sanar da ni, saboda kullum ina ce mata kuna nan tafe.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare iyayenka daga irin wannan firgici.

Wassalam.

Hadiza, Flatbush.