Fasfo a Buhun Gero

Laraba da dare, Manawashi

Alhamdulillahi, yau allurar rigakafi ta shiga damtsen maigida. Saura mako biyu ya tafi Afirka ta Tsakiya sayen shanu, sai jiya ya shigo da katin rigakafin shawara, wai wani ya buga masa hatimi a tasha, babu allura. Na ce, "Baban Hajjo, sauron can a wace makaranta ya koyi karanta kati?" Ya ce na cika boko. Na cusa fasfonsa cikin buhun gero, na ce ba zai gan shi ba sai an yi masa allura ta gaske. Da safe ya bi ni asibiti yana ƙunƙuni. Har yanzu ba ya mini magana. Hankalina dai ya kwanta. Gara in sha fushinsa da in yi masa takaba.