Gidan da Tamsin ta Kwatanta

Goggo Noelene, ki taimake ni, kwana uku ke nan gabana yana faɗuwa.

Shekara talatin da ɗaya ina koyar da 'yan aji biyu a birni, bana aka dawo da ni wata ƙaramar makaranta a gindin tsauni. Duk Oktoba, in bikin Halowin na shigar dodanni da fatalwa ya matso, nakan sa yara su kwatanta gida mai ban tsoro: abin da ido ya gani, kunne ya ji, hanci ya shaƙa. Jemagu ake kawo mini da kabewa mai haƙora. Wata ma ta rubuta cewa fatalwarta warin safar yayanta take yi.

Sai takardar Tamsin, 'yar shekara bakwai: "Da rana tsaka sama ta yi ja. Tumaki suna kuka, sai suka daina. Baba ya murɗa famfo, ruwa bai zo ba."

Ni kuwa uwar iyawa na karanta wa aji, na manna mata tauraro, har na ce ta manta da wari. Ta karɓa ta ƙara: "Warin gashin tunkiya."

Da aka tashi mai sharar makaranta ta ja ni gefe. Ashe gidan su Tamsin ne wutar daji ta cinye bara waccan. Har yau a rumfar da ake yi wa tumaki aski suke kwana, kuma uwarta Raelene ta hana a ambaci ranar. Kowa a garin ya sani, ban da ni.

Ranar Juma'a ake rataye rubutun yara a shingen makaranta, iyaye su zo su karanta. In na rataye, Raelene za ta ci karo da shi a gaban jama'a. In na cire, yarinyar za ta ga babu nata, alhali kullum sai ta tambaye ni inda za a sa shi. Ga ciyawa ta fara bushewa, ko hayaƙin gashin nama aka gani sai kowa ya tsaya cak. Ina tsoron na fama wa yarinya ciwon da ba zan iya ɗaurewa ba.

Malama Mai Fargaba

Malama, zauna ki sha shayi tukuna. Ba ke kika kunna wutar ba. Laifinki ɗaya, kin shiga gari ba ki tambayi abin da ya ci mutanensa ba.

Raelene tana da gaskiya, shirun nan da shi take riƙe gidanta, kuma bai kamata ta tsinci ranar nan a jikin shinge ba. Tamsin ma tana da gaskiya. Mu da aka raina da tatsuniya mun san yaro ba ya ba da labarin dodo sai ya ga wanda zai iya saurare.

Gobe ki tambayi Tamsin ko ta yarda uwarta ta fara gani. In ta yarda, ki sanar da shugabar makaranta, ki kai wa Raelene takardar hannu da hannu. Ki faɗi kuskurenki a taƙaice, sannan ki kama bakinki, na san da wuya ga malama. Zancen shinge su biyu za su yanke, ki kuma nema wa yarinyar mai ba yara shawara.

Wataƙila Raelene ta rufe miki ƙofa. Ki tura takardar ta ƙarƙashi, ai wasiƙar 'yarta ce. Allah ya sanyaya muku, ya kawo ruwa da wuri.

Goggo Noelene