Rumbun da na bari da ƙafa ɗaya a sama

Zuwa ga Yaya Lawal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan duk inda kake rahamar Ubangiji tana tare da kai. Inna tana nan, ciwon gwiwar ne dai yake matsa mata. Matarka Hinde da yaran suna lafiya. Muna Batsari yanzu, a wani gida da ba ka taɓa gani ba. Na san masu bibiyar shafina ne za su riga ka karanta wannan wasiƙa. To, su karanta, ni dai da kai nake magana.

Yaya, na gaji. Shekara huɗu ke nan da masu bindiga suka ɗauke ku a gona kuna yankan gero, kai da mutum biyu. Su biyun sun dawo, suka ce an raba ku, an yi cikin daji da kai. Daga nan ba mu sake jin komai ba. Mun je Darini, mun je Babban Duhu, duk wanda aka ce ya kuɓuto sai mun zauna gabansa da hotonka.

Kwanan baya na rubuta wani gajeren labari na sa a shafina. Ka san ni da ƙirƙire-ƙirƙire, tun muna yara kake cewa ƙaryata ta fi gonata yabanya. Labarin wani ƙauye ne da mutanensa suka watse. Wata safiya sai rumbunan garin suka tsiro ƙafafu, suka fita neman masu su. Wani ya sami mai shi a birni yana dako. Wani ya tarar da kabari, sai ya durƙusa ya zubar da hatsinsa tsuntsaye suka ci. Na ƙarshe, wani karkataccen rumbu, ya yi ta tafiya har ya kai mararraba, ya ɗaga ƙafa ɗaya zai taka, ya tsaya a haka. A nan na ajiye alƙalami.

Da ka ga abin da ya biyo baya, da ka yi dariya har ka riƙe ciki. Wani malamin jami'a ya rubuta mini dogon sharhi, wai rumbun yana nufin Arewa ne, mararrabar kuma zaɓi tsakanin noma da gudun hijira. Wata baiwar Allah ta rantse zuciyar mace ce. Wani ya ce hukuma nake zagi a fakaice, in yi hattara. Wani kuma ya yi mini nasiha, ya ce rumbu ba shi da rai, in ji tsoron Allah. Amma duk tambayarsu ɗaya ce daga ƙarshe: mai rumbun yana raye ko ya mutu?

Ni kuwa sai na gyara zama irin na malamin Hausa, na ba su amsar da nake ba ɗalibaina a Safana. Na ce labari irin wannan ba a ɗaure shi da ma'ana ɗaya, marubuci yana barin ƙofa a buɗe don mai karatu ya shiga da nasa tunanin. Na faɗa har na fara jin daɗin bakina. Aka yi ta yaba mini, wai na iya ɓoye ma'ana.

Ba wanda ya san rumbunka ne, wanda ka gina a ƙauyenmu Yasore shekarar aurenka. Baba ya ce a kira magini, ka ƙi, ka ce hannunka ya isa. Ya fito a karkace kamar mai leƙen katangar maƙwabta. Inna, da ba ta kama sunanka, takan ce in iska ta taso a je a tallafi rumbun yaron nan. Kai kuma amsarka kullum ɗaya ce: "Ai ba kyau za a ci ba, gero za a ci."

Akwai abin da ban faɗa maka ba. Tuni Hinde ta kai maganarta gaban alƙali, kamar yadda shari'a ta ba matar da mijinta ya ɓace. Lokacin da aka ɗibar mata ya cika. Abin da ya rage shi ne ɗan'uwanka na jini ya tsaya ya shaida cewa an nema ba a samu ba, sannan ta yi takaba ta san matsayinta. Ni ne ɗan'uwan. Sau uku ana sa rana, sau uku ina samun uzuri: yau jarrabawa, gobe taron malamai. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Wasan da muke yi na ƙanen miji da matar wa ne dai ya mutu, sai gaisuwa.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, na shigo na tarar matata tana karanta wa Hinde labarin daga waya, ita kuma tana ɓarar gyaɗa. Ka san Hinde ba ta yi boko ba. Na tsaya a bakin zaure ina jira ta yi dariyar rumbu mai ƙafafu. Da aka kai ƙarshe ba ta ɗago kai ba, ta ce: "Wannan ai rumbun yayanka ne, Sabi'u. Mai ƙafa ɗaya a sama kau bai tafiya, bai hutawa. Ka sauke mashi ita, ko gaba ko baya." Ta ci gaba da ɓararta.

Duk masu sharhin nan abin da rumbun yake nufi suka tambaya. Ita kaɗai ta ji gajiyarsa, don tare suke tsaye. Sai na ga ƙofar da nake taƙamar na bari a buɗe, ni ina shiga ina fita abina, ina zuwa aiki, ina rubutu ana yabo, Hinde ce na bari a bakinta shekara huɗu. Kunya ta kama ni, Yaya, irin wadda ban taɓa ji ba.

Ba zan taɓa labarin ba. Ban san ƙarshensa ba, kuma ba zan ƙaga maka mutuwa don masu karatu su samu natsuwa ba. Amma ranar Litinin zan sa farar rigata in je gaban alƙali in faɗi iyakar abin da na sani: mun nema, ba mu samu ba. Inna ta ce in je. Ta faɗa tana kallon bango.

Da rani na saci jiki na leƙa Yasore. Jinkar rumbunka ta zube, ciki babu ko tsaba, amma yana nan a karkace inda ka bar shi. Bai je neman kowa ba, ni ne na yi masa ƙafafu.

In kana raye, Allah Ya kwance ka Ya dawo mana da kai, ka zo ka yi mini faɗa, zan durƙusa in saurara, amma kada ka ga laifin Hinde. In kuwa ka riga mu, Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka duk inda yake a dajin nan, Ya sa geron da ka ciyar da mu ya tsaya maka. Na yi addu'o'in biyu, Shi Ya san wadda za Ya karɓa.

Ka yafe mini ranar Litinin.

Ƙanenka,
Sabi'u