Anti ta zuga mijina ya hana ni zuwa wajen likitar mara

Salamu alaikum matan gida. Admin a sakaya sunana, Hausawan Greensboro duk mun san juna. Don Allah ku ba ni shawara, amma wadda ta san wa'azi za ta yi mini ta wuce abinta, na ƙoshi da shi.

Tun da na haifi ɗana na uku fitsari yake zubo mini, in na yi atishawa, in na ɗaga yaro, har a ruku'u. Azumin bana ko tarawihi ban leƙa ba don tsoron in ɓata wa mutane kafet. Sai na ga bidiyo a waya ana koya wa mata atisayen matse naman ƙasan mara, na duƙufa, ina girki ina matsewa, ina shayarwa ina matsewa. Maimakon sauƙi abin ƙaruwa ya yi, kwanciyar aure ma ta koma mini azaba.

Likitata ta tura ni wajen wata mai fiziyo, wato likitar motsa jiki, mace, wadda aikinta ke nan. Da ta duba ni ta ce atisayen yana taimakon mata da yawa, amma ni nawa naman ba sanyi ya yi ba, a ɗaure yake kamar dunƙulallen hannu, matsewar da nake yi ƙara gajiyar da shi take. Ta ce in fara koyon sake shi da numfashi tukuna. Wallahi na fara ganin canji, satin da ya wuce da alwalar azahar na yi la'asar, sai da na yi hawaye a kan sallaya.

To mu a nan Greensboro wajen Gate City muke, mota ɗaya ce kuma maigida ke fita aiki da ita, ni ko lasisi ba ni da shi. Ƙanwar surukata, Anti muke ce mata, ita ke tasowa daga Pleasant Garden, wani gari kusa da mu, ta kai ni, ita ce ma ta yi mini wankan jego. Ganin uwa ce, na sake baki a mota na gaya mata abin da ake koya mini. Matar nan ta dube ni sheƙeƙe ta ce mata suna wahalar a kawo musu kayan matsi daga Kano, ni kuma ina kai kaina Baturiya ta sassauta ni, wai ruwan bagaruwar da ta dafa mini na raina. Ba ta tsaya nan ba, ta kira mijina ta ce ya farka ana lalata masa mata. A wajen wani suna kuma ina shiga falo sai na ga wasu na ƙunshe dariya, ashe har can ta kai zancen marata.

Shi kuma bawan Allah ko tambayata bai yi ba, ya ce na daina zuwa, wai Anti ta haihu fiye da ni ba ta taɓa zuwa wajen kowa ba. Mutumin da ya san kukan da nake yi a shimfiɗa fa. Na ce ya zo mu je tare ya ji da kunnensa, ya ce shi ba zai zauna wata mace tana yi masa bayanin matarsa ba. Haushinsa nake ji ƙwarai, Anti kuwa ko muryarta ba na son ji, kuma ta ce motarta ta daina ɗaukata.

Ranar Alhamis ake jirana a asibitin. In kira tasi in tafi ba da izininsa ba, kome zai faru ya faru? Ko in kira surukata a Kano in tona komai, alhali ƙanwarta ce? Masu shirin rubuta mini "ki yi haƙuri ki bi mijinki", ku haɗa da faɗa mini da wace alwalar zan yi sallah.