Sunan da Na Sa a Fom

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Tumba mai irin albasa ta Taloka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, ina fatan makwancinki ya yi yalwa da haske.

Lokacin yafa iri ya zagayo. Manoman rani daga Wurno da Rabah suna ta sallama, suna tambayar irin Inna Tumba. Har yau ba wanda ya tambayi lambar yabon da ke rataye a zaure.

Kin tuna shekarar da na dawo daga jami'a, ba aiki sai yawan shawara. Na ga duk bakin dam ɗin Goronyo ba mai iri kamar naki, amma ba takarda ko ɗaya da ta san da ke. Na ce sai na nemo miki gasa. Na duba waya, na kasa kunne ga rediyo, na tara biyar. Na ja layuka a littafi: wa ya shirya, mi ake ba wanda ya ci, su wa suka ci bara. Uku na soke, don sun nemi kuɗin fom tun ba su ga gona ba. Ranar na ji kaina ƙwarai.

Saura biyu. Ta Abuja, ta mata matasa masu sana'a, kyautarta lambar yabo da injin ban ruwa da hoto a jarida. Sai ta ƙungiyar manoman rani: a kira sunan mutum ranar kasuwar Goronyo, a miƙa masa turmin atamfa. Ita na ba maki mafi ƙanƙanta.

Ta Abuja ba ta karɓar wadda ta haura talatin da biyar. Kika ce, "Sa naki sunan, Luba. Albasa ba ta karatu." Na sa. Ko gardamar kunya ban yi ba.

Ranar da alƙalan gasar suka zo, ke kika shimfiɗa musu tabarma, kika dama fura. Ɗayansu ya tambayi yadda nake gane iri mai kyau. Na zuba masa da Turanci abin da kika koya mini da safe, kina tsaye bayana riƙe da ludayi. Da za su tafi, ya ce mai aikina ta iya fura. Na yi murmushi. Inna, murmushi na yi.

Cikin layukan nan nawa babu wanda ya tambayi sunan wa za a kira.

Kikan zuba iri cikin ƙwaryar ruwa, ki kwashe na sama ki watsar, ki ce, "Wanda duk ya yi saurin tasowa, babu komi cikinai." Kin maimaita shi ranar da na ci gasar na dawo da lambar. Ban tambaya ko da iri kaɗai kike ba.

Bana na tafi wurin shugaban ƙungiyar manoman, na roƙi a sa sunanki. Ya tuna mini shekara uku suna aikowa neman ki, ni ke mayar da ɗan aike da cewa mun wuce nan. Sannan ya ce su ba su kiran wanda ba ya iya amsawa.

Allah Ya gafarta miki, Ya sa irin da kika bari a gonakin mutane ya zame miki sadaka mai gudana. Ranar da za a kira kowa da aikin hannunsa, Allah Ya kira ki da naki, a gaban kowa.

Ɗiyarki,
Luba